Na Nesa Ka Sha

Asabar ɗin da ba ni da aikin dare
na hau bas daga Hayaliya zuwa Koral Gebuls,
kyamara a wuya, gorar ruwa a jaka,
da littafin Baba mai jan bango, wanda gara ta ɗanɗani gefensa.
Shekara talatin da biyu yana malamin daji a Yawuri,
dangin dabinon da ya rubuta bakwai ne cur:
giginya, goriba, dabino, kajinjiri,
tukurwa, kwakwar manja, kwakwar Attagara.
Sauran shafukan ya bar su fari fat.
"Cika mini, Ladingo, tunda kin je inda suke taro."

Zafin Mayami ba irin namu ba ne,
jiƙaƙƙen zane ne ake yafa wa mutum tun daga ƙofa.
Idon kyamara ya riga ni yin gumi.

Kowace da allonta a gindi,
suna zaƙo-zaƙo kamar na magungunan asibitinmu.
Na durƙusa, na karanta, na ɗauka, na kwafa.
Ga 'yar Madagaska, ganye fari-fari kamar ta yi wanka da toka.
Ga 'yar Kuba da gemu har ƙasa, ba wanda ya ce ta aske.
Ga wata mai jan wuya kamar an zuba mata manja.
Wata kuma, in ji allo, sau ɗaya take fure a duniya,
ta yi 'ya'ya, ta mutu.
Na daɗe a gabanta ban danna komai ba.

Can bayan tafki, inda keken 'yan kallo ba ya bi,
na tarar da wata doguwa, ba allo.
Tsohon mai ban ruwa, Ebeliyo, ya ɗaga kafaɗa:
guguwa ta tafi da allon tun bara,
rajista na ofis, ofis kuwa sai Litinin.

Na dubi tumbinta can sama. Zuciyata ta ce wani abu,
na ce mata yi shiru, mun yi nisa da gida.

Na buga wa Baba. Sun idar da isha'i.
Yana ta rufe idanunsa shekara huɗu ke nan,
hotunan da nake turawa ƙanena ke gaya masa su da baki.
Na fara: tsawonta, kaurinta...
Ya ce, "Bar surutu. Akwai iska?"
Na ɗaga wayar sama iya hannuna.

Kwaram. Kwaram-kwaram.
Kamar ana kaɗe busasshiyar fata a kan soro.

Shiru, har na zaci layi ya yanke.
Sai ya ce, "Ja da baya kada ta jefe ki.
Mace ce ko namiji?"
Na duba ciyawa, ga ɗaya ta faɗo ta fashe,
ƙanshin nan da ke kama riga kwana uku.
Na ce mace.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Wa ya kai ki can, 'yar nema?
Wa zai ci miki muruci?"
Ba da ni yake ba.

Ya ce, "Ina inuwar?"
Rana na dukan ƙeyata a gindinta.
Inuwar ta tsallake hanya, ta sauka kan wani benci,
wasu mata biyu na cin burodi a ciki,
ba su ko ɗaga kai ba.

Ebeliyo ya miƙo tafin hannunsa da biro.
Na rubuta masa harafi bakwai.
Ya gwada, ya ce "hihinya", ya sake, ya kusa.

Hoto ɗari biyu da sha huɗu na kawo gida,
sunaye ashirin da shida sababbi.
Ita ban ƙara ta ba.
Tana shafin farko, da rubutunsa.